Tsohuwar Marsandi da masu gyaranta a kudancin Nijar: waiwaye kan tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidajen tsofaffin attajirai a Maraɗi, ko Damagaram, ko Ƙonni, ya taɓa ganin wannan: a wani lungu na farfajiya, ƙarƙashin rumfar kwano, wata tsohuwar Marsandi tana zaune bisa bulo huɗu, ƙura ta rufe gilashinta, awaki suna shan inuwa a gindinta. Ba ta tashi, ba a kuma sayar da ita. Da ya fito titi kuwa, yana iya cin karo da sa'arta, wadda aka ƙera shekara arba'in da suka wuce, tana tafiyarta lafiya lau. Tambayar da muke so mu duba a wannan ɗan nazari ita ce, me ya raba waɗannan motoci biyu?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ingancin ƙarfen Jamus. Muna ganin wannan rabin amsa ce kawai, tun da dukansu biyu ƙarfe ɗaya ne. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wannan yanki motar alfarma tana rayuwa ne muddin makanike yana iya gane ciwonta da kunnensa da hannunsa, muddin kuma kayan gyaranta suna iya ƙetaro iyaka da kuɗin da mai ita zai iya biya. Takardun duwan suna lissafa mota ranar da ta shigo ƙasa, daga nan sun rabu da ita. Saboda haka mun dogara bisa abu biyu: tarihin kasuwanci tsakanin Nijar da Najeriya, wanda masana suka riga suka rubuta, da kalmomin da ake ji a garaji, waɗanda su ne sana'armu.

1. Daga doki zuwa DS

Kafin mota, abin hawan alfarma a ƙasar Hausa doki ne, kuma kowa ya san cewa sayen doki shi ne ƙaramin abu a cikin al'amarinsa. Sai da ciyawa, da dawa, da kanwa, da yaro mai kula da shi. A fada har sarauta aka keɓe wa wannan aiki, wato Shamaki. Mai doki yana nuna wa jama'a cewa yana da mutane, ba kuɗi kaɗai ba. Harshe ya riƙe wannan alaƙa: har yau hawan mota ake yi, kamar yadda ake hawan doki. Shi kuwa tuƙi an aro shi ne daga jirgin ruwa da tukunyar tuwo. Da mota ta zo, ta tarar da gurbin da aka riga aka shirya mata, direba da makanike suka gaji ɗan doki.

A shekarun farko na ƴancin kai, motar manya a ƙasashen da Faransa ta mulka ita ce Citroën DS, wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1975, wadda kuma sunanta ya ƙara ɗaukaka bayan Janar de Gaulle ya tsira a cikinta daga harin Petit-Clamart a watan Agusta 1962. Mun kawo ta nan ne don ta zama ma'auni. DS ba ta tsaye bisa sifirin na ƙarfe kamar sauran motoci. Wani famfo ne ke tura mai na musamman cikin bututu, man ya danne iskar da ke cikin wasu ƙwallaye, shi ke ɗaga motar, shi ke riƙe birki, shi ke sauƙaƙa sitiyari. Kafin 1966 man ja ne, daga baya aka koma wani kore, kuma in aka gauraya su sai robobin ciki su lalace. Ke nan bututu ɗaya in ya huje a hanyar Tawa, motar sai ta durƙusa ƙasa kamar raƙumi, babu birki, kuma babu abin da maƙerin gari zai iya yi mata. A kan hanya mai gargada babu motar da ta kai ta taushi, amma ba ta bar zuriya a garajinmu ba.

2. Shekarun wadata

Littafin Emmanuel Grégoire kan Alhazan Maraɗi, wanda ya fito a 1986, ya nuna yadda arzikin waɗannan ƴan kasuwa ya tashi daga cinikin gyaɗa, ya bunƙasa lokacin yaƙin Biyafara (1967 zuwa 1970), sa'an nan ya koma ga fiton kaya zuwa Najeriya, musamman taba da yadi, bayan fari da cuta sun karya noman gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya cika Najeriya, kuɗin uraniyom kuma ya fara shigowa baitulmalin Nijar: Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978. Aka shimfiɗa kwalta, har da hanyar Tawa zuwa Arlit. Motar alfarma tana bukatar kuɗi da hanya, ga su duka sun samu.

A Najeriya wani abu ya faru wanda ya raba aiki tsakanin motoci biyu. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa 504 a 1975. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas cikin baƙar Mercedes-Benz ɗinsa, wadda daga baya aka ajiye a gidan tarihi na birnin. Gwamnatin Obasanjo ta mai da 504 motar hukuma, ta kuma takura shigo da kayan alatu. Fijo ta zama motar ma'aikaci, Marsandi ta zama ta mai kuɗin kansa. Attajiran Maraɗi da Damagaram, waɗanda idonsu yake Kano da Katsina fiye da Yamai, wannan ma'auni suka ɗauka. Da babbar Marsandi samfurin W126 ta fito a ƙarshen 1979, daidai da hawan Alhaji Shehu Shagari mulki, sai jama'a suka sa mata sunansa.

Amma wadda ta cika garaji, wadda kuma wannan nazari ya fi shafa, ita ce ƙanwarta W123, da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, guda wajen miliyan 2.7. Wasu sababbi suka zo. Da yawa kuma Turawa matasa ne suka tuƙo su ta hamada, daga Aljeriya, ta Tamanrasset da Assamaka, zuwa Arlit da Agadas, su sayar su sami kuɗin jirgin komawa gida. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, sakamakon tawaye a arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya.

3. Abin da ke ƙarƙashin bonet

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan amsar take.

Masu aiki da gazuwal a cikin W123, wato 200D da 240D da 300D, injinsu baƙin ƙarfe ne tun daga gangar jiki har kai. Famfon da ke raba mai, ƙirar Bosch, da motsin injin kaɗai yake aiki, babu ruwansa da lantarki. Sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan injin, ba bel na roba ba, kuma sarƙa in ta fara saki tana yin ƙara tun kafin ta tsinke. Ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai: 200D ta farko ƙarfin doki 55 gare ta, ga jiki mai nauyi. Ba a ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa ba, shi ya sa yake daɗewa. Da ya tashi, ko batir ya mutu zai ci gaba da aiki. Hasali ma matsalar da aka fi sani ita ce kashe shi: tsotson iska ne ke tsai da famfon, in siririn bututun ya tsage sai a zare makulli injin yana ta aikinsa, sai an buɗe bonet an danna wani ɗan ƙarfe mai rubutun STOP. Wannan duka abu ne da aparanti mai shekara uku a garaji yake iya gani da idonsa, ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe.

Sai dai a kudancin Nijar masu aiki da esansi sun samu karɓuwa sosai, dalili kuwa shi ne arahar man Najeriya da ake sayarwa cikin kwalabe da jarkoki a bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa. A nan wahala ta fara. Samfurin 200 kafireto gare ta, makanike yana kwance ta ya wanke ya mayar cikin sa'a guda. Amma 230E da 280E suna da na'urar fesa mai da ake kira K-Jetronic, wadda ramukan cikinta sirara ne ƙwarai. Man da ya kwana cikin jarka, ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa, guba ne gare ta. Maganin da garaji ya samo shi ne a cire na'urar gaba ɗaya a dasa kafireto. Motar ta rasa ɗan ƙarfi, ta ƙara shan mai, amma ta dawo cikin abin da ake iya gyarawa.

Wannan dabara ta rage wa mota wayo domin a tsawaita ranta ita ce ginshiƙin gyaran motar alfarma a nan. Giya mai canza kanta in ta mutu, a sa ta hannu. Samfurin mai dogon baya, wanda ke daidaita tsayinsa da famfon mai, a cire famfon a sa sifirin. Makullin ƙofofi mai aiki da tsotson iska in ya daina, kowace ƙofa a rufe ta da hannu. A ƙara wa motar tsayi don yashi da ramuka. Bature mai tara tsofaffin motoci zai kira wannan ɓarna. Mu dai mun ga cewa motocin da aka yi wa haka su ne suka kai yau bisa tayunsu, waɗanda masu su suka ce sai kayan asali ko a bari, da yawansu su ne ke bisa bulo.

Kada kuma mu yabi garaji fiye da kima. Akwai al'ada guda da ta kashe injuna masu yawa, ita ce cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya yi ɗumi, bisa hujjar cewa don sanyin Turai aka yi shi. A waɗannan injuna bawul ɗin aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajerar hanya da ke mai da ruwa cikin injin kai tsaye. In an cire shi, wani kashi na ruwan sai ya riƙa zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, injin ya yi zafin da aka so a kauce masa. Haka kuma zuba ruwan rijiya tsura, ba tare da maganin tsatsa ba, yana cin kan injin na masu esansi, wanda na alminiyom ne. Yawancin ƙonewar gasket da ake ɗora wa zafin watan Afrilu, daga waɗannan biyu take.

Yanayin ƙasa shi ma yana da hannu, ta fuska biyu. A Turai abin da ke kashe W123 tsatsa ce, saboda gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Motar da ta iso Sahel sai tsatsar ta tsaya cak. Amma rana tana cin roba: bututu, da robobin ƙafa, da na gilashi, da fuskar allon gaba duk su bushe su tsattsage. Ke nan a can jiki ke mutuwa ya bar inji, a nan kuwa ƙananan abubuwa ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne mai araha, amma in babu shi mota ba ta motsi. Wannan ya kawo mu ga batun inda ake samo su.

4. Iyaka, naira da sefa

Garajin Maraɗi bai taɓa dogara da Yamai ba wajen kayan gyara. Kano ta fi kusa, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa da kantunan Sabon Gari suna da abin da babu shi a babban birnin Nijar. Ana ba direban da ke bin Ɗan Isa da Jibiya tsohon ƙarfen da ya lalace, ya tafi da shi a gwada, ya dawo da sabo. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa motar alhaji. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Daga Satumba 1986 kuma darajar naira ta fara faɗuwa, abin da ya zama alheri ga mai riƙe da sefa, amma ya sa kayan asali na Jamus suka fi ƙarfin kasuwar Najeriya kanta. A wannan gurbi ne ƴan kasuwar Ibo, musamman na Nnewi, suka cika kasuwa da kayan kwaikwayo daga Asiya, har sunan Taiwan ya zama sunan duk wani ƙarfe da ba na asali ba. Tun daga nan mai saye yake da zaɓi uku: sabo na asali, sabo na Taiwan, ko tsoho na asali da aka kwanto daga motar da ta mutu a Turai. Gogaggen makanike na uku yake zaɓa, yana mai cewa araha ba ta ado.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, a lokacin da kasuwar uraniyom ta daɗe da faɗuwa, ma'aikata kuma suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. Sabuwar Marsandi ta fita daga lissafin kusan kowa. Abin da ya maye gurbinta shi ne tsohuwar mota daga Turai, wadda ake tarawa a unguwar Heyvaert ta Brussels, a loda ta a jirgi zuwa Kwatano, a tuƙo ta ta gadar Malanville da Gaya. Da yawansu Nijar hanya ce kawai gare su zuwa Najeriya, inda aka ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita ta tashar ruwa. Sunayen da Hausawa suka ba su, ƴar Kwatano da ƴar Beljiyam, taswirar wannan hanya ce.

Sakamakon haka ma'anar mallakar Marsandi ta sauya. Da farko shaida ce cewa mutum ya iya saye. Daga baya, da malamin makaranta ma yana iya samun tsohuwar 190 ko 200, sai ta zama shaida cewa mutum ya iya riƙewa: yana da makanike nasa na amana, yana da wanda zai aika Kano, motarsa ba ta kwana a garaji wata uku. Mun koma ga doki ke nan. Wannan kuma shi ke bayyana motar da ke bisa bulo. Sayar da ita shelar karayar arziki ce, ko kuwa ta marigayi ce, magada ba su daidaita a kan ƙimarta ba, babu kuma wanda yake so a ce shi ya kai motar mahaifinsa a yanka ta gunduwa-gunduwa. A Maroko irin waɗannan motoci sun ƙare rayuwarsu a matsayin manyan tasi, har gwamnati ta fara shirin musanya su a 2014. A nan kuwa Fijo da Toyota suka yi wannan aiki, Marsandi ba ta cika sauka zuwa tasha ba.

5. Shaidar kalmomi

Garajin kudancin Nijar harshe biyu ya ara, kuma rabon bai zo da ka ba. Akwai kalmomi masu tagwaye: fulogi da buji, fetur da esansi, gas da gazuwal, yaron mota da aparanti. Na farko a kowane biyu daga Ingilishi ko Hausar Najeriya yake, na biyu daga Faransanci: bougie, essence, gasoil, apprenti. Abin da muka lura da shi shi ne, makanike ɗaya yana riƙe da duka biyun, yana zaɓa bisa wanda yake magana da shi. Da ma'aikacin gwamnati ya ce buji, ya ce za a yi bidanji, wato vidange, canjin baƙin mai. In zai yi aike Kano ya ce fulogi, domin da wannan suna za a gane abin a kanti. Sunayen aiki da na takarda sun fi karkata ga Faransanci, sunayen ƙarfen da ake saye da naira sun fi karkata ga Ingilishi, kuma yayin da aka nufi yamma, daga Ƙonni zuwa Dosso da Yamai, Faransanci yana ƙara rinjaye. Wanda ya bi waɗannan kalmomi gari gari zai iya zana iyakar kasuwar Kano ba tare da ya buɗe kundin duwan ba.

Amma sunayen ciwo Hausa ne tsantsa, kuma daga jikin mai rai aka ɗauko su. Mota tana tari, tana shan mai, tana zafi, tana numfashi da ƙyar, tana mutuwa, a tashe ta. Wadda aka ajiye don a riƙa cirar kayanta gawa ce. Aron kalma ya tsaya a kan ƙarfe, bai shiga ganewar ciwo ba, domin wannan ilimi a garajin aka haife shi, ta hanyar saurare. Maigidan garaji yakan ɗora sukudireba a jikin injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya faɗi silindar da ke da matsala.

6. Da lantarki ya shigo

W124, wadda ta fito a ƙarshen 1984, wadda kuma ƴan Najeriya suka laƙaba wa V-boot saboda siffar murfin bayanta, ita ce ta ƙarshe da garajin gargajiya ya iya riƙewa, ita ma na farkonta. Waɗanda aka ƙera a farkon shekarun 1990 sun zo da wayoyin inji masu rufin da zafi ke marmashewa, sai wayoyi su haɗu, motar ta riƙa abin da babu mai gane kansa. Babbar W140 ta 1991 ta zo da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna ta waya. Daga 1993 kuma sababbin motocin esansi a Turai sai da matatar hayaƙi da na'urar auna iskar salansa, alhali man da ake sayarwa a ƙasashenmu yana da dalma a wancan lokaci, dalma kuwa tana kashe su duka biyu. Matatar ana iya fasa ta a zubar. Kwamfutar da ke jiran saƙo daga na'urar da ta mutu ba a iya cire ta a dasa kafireto cikin sauƙi kamar da. Dabarar rage wayo ta kai iyakarta, domin wayon ya bazu ko'ina cikin motar.

A wannan tsakani ne alfarma ta ƙaura zuwa Toyota Land Cruiser, wadda ake kira kat-kat, daga quatre-quatre. Ta fi dacewa da hanyoyin da kwaltarsu ta farfashe, ita ce kuma motar ayyukan raya ƙasa da ta manyan hukuma. Hanyar kaya ma ta ci gaba da tangal-tangal: Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga Janairu 2017, ta rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso.

Sabon garaji yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi lambar ciwonta. A Yamai ana kiranta balis, daga valise, a Kano ana cewa a sa wa mota kwamfuta. Mai riƙe da ita sau da yawa matashi ne da ya yi lakwal, wanda ke iya karanta abin da ta rubuta da Faransanci ko Ingilishi, kuma tsohon maigidan garaji shi ke aika a kira shi. Fi'ilin ma ya canza: W123 saurarenta ake yi, waɗanda suka biyo bayanta karanta su ake yi, kuma ana biyan kuɗin karatun dabam, kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya.